Tsohuwar Beetle tana ɗauke wuta a kan hanya, a gaban bakanike kuma lafiya lau

Mai Beetle 70:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya a kan wata matsala da ta gagare ni. Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1970, mai batir bolt 12, kuma har yanzu daynamonta na asali ne a jiki. Ina cikin tafiya lafiya lau sai inji ya ɗauke ɗif. Wani lokaci kafin in gangara gefen hanya ya dawo da kansa, salansa ta buga ƙara fau, mu ci gaba da tafiya. Wani lokacin kuma sai na tsaya na ɗan jira, in na murɗa mukulli ta tashi kamar ba abin da ya faru. An sauya fulogi, an sauya koyil, an sauya kondensa da kwantak, an wanke kafireta. Abin haushin shi ne duk sanda na kai ta gareji sai ta yi ta aiki sumul, bakanike ya kalle ni ya ce shi bai ga komai ba. Daga ina zan kama?

Oga Kafireta:
Wa alaikumus salam. Malam, mai ne. Mota ta haura shekara hamsin, tankinta cike yake da tsatsa. Ɓarɓashin ya taru ya toshe bakin tiyo, inji ya mutu, da ka tsaya ya saki, ta tashi. Ko kuma hanyar da iska ke shiga tanki ta toshe. Gaba in ta mutu, yi maza ka buɗe murfin tanki ka saurara, in ka ji ya ja iska fuuu, to ka gama bincike. Wanke kafireta ba ya maganin dattin da ke cikin tanki.

Tsohon Mai Waya:
Ɗana, kafin kowa ya sa ka sake sayen wani abu, amsa mini waɗannan. In za ta mutu, tana shaƙewa ne tana fizga tana rage ƙarfi sannan ta mutu, ko lokaci guda take yankewa? Ta fi yi da dare ko da rana? A kan gargada ko a shimfiɗaɗɗen titi? Sannan babbar tambaya: a cikin agogon gudu akwai ƙananan fitilu biyu, ja ta caji da koriya ta man inji. Lokacin da injin ya mutu mukulli yana kunne, suna kamawa ko agogon duhu yake?

Mai Beetle 70:
Baba, lokaci guda take yankewa, babu shaƙewa ko kaɗan. Ta fi yi in an daɗe ana tafiya, kuma in na tuna da kyau ta fi yi da dare ko ana ruwa. Gargada ma tana tayar da abin, amma ba kullum ba. Fitilun agogo kam hankalina ba ya kai wa gare su, a lokacin ta neman gefen hanya nake yi.

Tsohon Mai Waya:
To Oga Kafireta, ka ji. Motar da mai ya yanke mata ba ta mutuwa haka. Akwai ragowar mai a cikin kafireta, sai ta sha shi tana tari kafin ta kwanta. Ƙarar salansa ma shaida ce: tartsatsi ya ɗauke, inji yana ci gaba da juyawa saboda mota na cikin giya, yana zuƙar mai yana tura shi ɗanye cikin salansa, da wuta ta dawo sai ya kama a can. Motar da babu mai a cikinta me za ta tara a salansa? Kuma dare da ruwan sama ba su da wata alaƙa da tanki. Abin da ke faruwa da dare da lokacin ruwa shi ne ana kunna fitilu da waifa, wato wayoyi suna ɗaukar kaya mai nauyi.

Oga Kafireta:
Baba, na ji, amma buɗe murfin tanki ba ya cin komai. Ya gwada dai.

Ɗan Zamani:
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Wayarin na 1970 ya gama aikinsa. A cire shi gaba ɗaya a zuba sabo, ana sayar da cikakken saiti na Beetle. A cire kwantak da kondensa a sa na'urar tartsatsi ta zamani a cikin distiribito, a sa altaneta a madadin daynamo. Shi ke nan an huta. Lalube cikin duhu har yaushe?

Hajiya Mai 504:
Ɗan Zamani, in laifin yana cikin suwic ne fa? Sabon wayarin zai je ya zauna a kan tsohon suwic, matsalar tana nan daram, ga kuma sababbin wuraren haɗi da yawa da aka taɓa, kowanne ya zama abin zargi. Na'urar tartsatsin da kake faɗa kuma ta fi kwantak ƙyamar wutar da ke zuwa tana ɗaukewa.

Mai Beetle, ga abin da na yi lokacin da Peugeot tawa ta riƙa yi mini irin wannan. Ciwon da ke ɓuya in an je gaban likita, dole majinyaci ya koyi auna kansa a gida. Ka samu ƙaramin ƙwan fitila na bolt 12, ka ɗaura masa doguwar waya, ka haɗa gefe ɗaya a ƙafar koyil da wuta ke shigowa, ɗaya gefen a jikin mota, ka jawo ƙwan ka manna shi inda idonka zai riƙa kaiwa kana tuƙi. Ranar da ta mutu, kallo ɗaya ya isa. In ƙwan yana ci, wuta tana isa koyil, laifin yana daga koyil zuwa distiribito, ko kuma maganar Oga ce ta mai. In ya mutu tare da injin, laifin yana can baya a hanyar da wutar ke biyowa. Ka raba motar gida biyu ke nan ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Tawa ƙwan bai mutu ba, ashe wata siririyar waya ce mai kitso a cikin distiribito, wadda ke haɗa farantin kwantak da jikinsa, ta tsinke saura zare biyu. In farantin ya motsa sai ta rabu.

Injiniya:
Dabarar Hajiya ita ce daidai. Ƙari ɗaya: tunda wayar za ta yi tafiya daga bayan mota zuwa gaba, a sa mata ƙaramin fiyus kusa da koyil, domin layin da ke ciyar da koyil a Beetle ba shi da fiyus ko kaɗan. In ta goge ta taɓa ƙarfe, wayarin ne zai ƙone.

Sai kuma gyara kaɗan a kan tambayar Baba ta fitilun agogo. Jar fitila tana iya yaudara. Ƙafarta ɗaya tana kan layin mukulli, ɗayar tana kan daynamo. In layin mukulli ya mutu alhali inji yana juyawa a cikin giya, daynamo yana iya turo wuta ta baya ta cikin ƙwan, ya yi ja, mutum ya ɗauka wuta tana nan. Saboda haka a taka kuloci, a bar inji ya tsaya cak, sannan a duba. Koriyar ta fi zama amintacciyar shaida, ita sai da wutar mukulli take kamawa.

Tsohon Mai Waya:
Haka ne, Injiniya. Kuma tunda an ambaci jar fitila, duk mai Beetle ya riƙe wannan: bel ɗin da ke juya daynamo shi ne ke juya fankar da ke sanyaya inji, domin babu ruwa a wannan injin, iska ce. In ja ta kama kana cikin gudu inji yana aiki, tsaya nan take ka duba bel.

Yaron Gareji:
Baba, Injiniya, ina da tambaya don ƙaruwa. An taɓa kawo mana mota mai irin wannan halin, na bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da mita, a wurin da take yin ƙara in waya ba ta tsinke ba. Kowace waya ta yi ƙara. Amma motar ba ta daina ba. Mitar ce ba ta da kyau?

Injiniya:
Mitarka lafiyarta ƙalau, tambayar da ka yi mata ce ba ita ba ce. In ka sa ta a wannan wurin, wutar da take turawa cikin wayar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba. Wayar da zarenta duk suka tsinke saura guda ɗaya za ta wuce da wannan cikin sauƙi, mita ta yi ƙara. Haka kilif, wato ɗan ƙarfen bakin waya da ake dannawa a kan ƙafa, in ya yi tsatsa yana ɗan taɓawa. Amma ka kunna manyan fitilu da waifa da koyil, ana neman amfiya 15 ko kusa da haka ta wannan wurin, sai labari ya sauya.

Yi lissafin da kanka. A ce mahaɗar tana da turjiya ta om 0.1 kacal, abin da ƙaramar mita ba za ta ma iya bambance shi da turjiyar wayoyinta ba. Amfiya 15 sau 0.1, an yi asarar bolt 1.5 a wuri ɗaya. Sau 15 kuma, wat 22 da ɗoriya na zafi a kan ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Zafin yana kashe ƙarfin matsewar tagullar, kilif ya ƙara saki, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. A haka har ya kai in ya yi zafi ya buɗe, in ya huce ya koma ya taɓa. Shi ya sa irin wannan motar take tashi bayan an jira.

Abin da ake aunawa shi ne faɗuwar bolt, kuma ana aunawa ne lokacin da layin yake ɗauke da kaya. Ka sa mita a bolt, tsinke ɗaya a farkon waya, ɗayan a ƙarshenta, a kunna duk abin da wayar ke ciyarwa. Lafiyayyar mahaɗa kusan sifili za ta nuna. In mahaɗa ɗaya ta cinye fiye da bolt 0.2, a zarge ta.

Yaron Gareji:
Wato duka tsinken biyu a kan layin fosatib, ba ɗaya a negatib ba?

Injiniya:
Ƙwarai. Kana tambayar wayar ne nawa ta ci a hanya. Haka za ka yi wa ɓangaren negatib: tsinke ɗaya a kan negatib na batir, ɗaya a jikin inji, wani ya buga sitata.

Tsohon Mai Waya:
Bari in ba Mai Beetle taswirar motarsa, don kada ya yi ta yawo. Motocin Jamus suna da lambobi a jikin kowace ƙafa, a duba da kyau za a gan su a rubuce. 30 wuta ce kai tsaye daga batir, ko da mukulli ko babu. 15 wuta ce bayan an murɗa mukulli. 31 negatib ne, jikin mota. 50 ita ce mai zuwa sitata. A koyil za ka ga 15 da 1, lamba 1 ita ke zuwa kwantak.

Batir yana ƙarƙashin kujerar baya. Regileta, mai daidaita cajin da daynamo ke bayarwa, shi ma yana ƙarƙashin kujerar, a ɗaya gefen. Daga regileta wata jar waya mai kauri ta taso ta yi doguwar tafiya har gaban mota, ta sauka a ƙafa 30 ta suwic ɗin fitilu. Daga nan ne wutar ke rarrabuwa zuwa akwatin fiyus da suwic ɗin mukulli. In ta fito daga mukulli ta zama 15, sai baƙar waya ta sake ɗaukar ta ta koma har bayan mota wurin koyil. Ka ga wutar da ke ba fulogi tartsatsi ta je gaba ta dawo baya, ta ratsa mahaɗa da yawa, duk da cewa batir da koyil maƙwabta ne.

To ga yadda za ka karanta abin. In injin ya mutu amma hasken cikin agogo da ƙananan fitilu suna nan, zargi suwic ɗin mukulli ko baƙar wayar. Suwic ɗin mukulli yana lalacewa sosai, musamman wurin masu rataya tarin makullai a jiki. In kuwa komai ya ɗauke har hasken agogo, laifin yana kan layin 30, daga regileta zuwa suwic ɗin fitilu. Sannan a bayan mota, ka duba wayoyin da suka taso daga ƙafa 15 ta koyil zuwa cok da ɗan bawul ɗin silo a jikin kafireta. In ɗaya ta goge tana taɓa ƙarfe jefi-jefi, ita ma tana kashe inji.

Mai Kula da Zaure:
Tunatarwa kafin a fara taɓe-taɓe. Layin 30 ba shi da fiyus, sifana ko zobe ya haɗa shi da jikin mota sai ƙuna. In za a kwance wani abu, a fara cire negatib na batir. Bayan dashbod ɗin Beetle ta but ɗin gaba ake isa gare shi, kuma tankin mai yana nan kusa, don haka ban da gwajin tartsatsi a wurin. Sannan a tabbata akwai murfi a kan fosatib na batir, domin ƙarafan kujerar baya suna iya sauka a kansa in mutum mai nauyi ya zauna. Beetle da yawa sun ƙone ta wannan hanyar.

Ɗan Zamani:
Duk wannan bayanin hujjata yake ƙarfafawa. Tsarin da wuta za ta je gaba ta dawo baya ba tare da fiyus ba, ai tsarin da ya kamata a sauya ne.

Hajiya Mai 504:
Da wannan tsarin aka ƙera fiye da miliyan 21, har zuwa 2003 da aka rufe ƙera ta a Meziko. Ba tsarin ne ya tsufa ba, mahaɗa ce ɗaya ta saki. A nemo ta tukuna, in ya so daga baya kowa ya yi wa motarsa kwalliyar da yake so.

Mai Beetle 70:
Jama'a na dawo da labari. Na haɗa ƙwan Hajiya da fiyus ɗinsa kamar yadda Injiniya ya ce. Da rana ta ƙi yin komai. Sai na fita da dare da gangan, na kunna manyan fitilu, na kunna waifa ko da yake ba ruwa, na bi hanyar da ba cunkoso. Bayan an ɗan jima na lura ƙwan ya fara rage haske yana kyaftawa, sai kuma ɗif: inji, ƙwan, manyan fitilu, hasken agogo, duka lokaci guda. Na taka kuloci na tsaya, babu ja babu koriya. Oga, na buɗe murfin tanki, bai ce komai ba. Da na buɗe but ɗin gaba na ji wani ɗan ƙauri kamar na roba. Na kashe suwic ɗin fitilu na jira, da na murɗa mukulli sai ga ja da koriya sun dawo.

Tsohon Mai Waya:
Madalla. Yanzu ka daina zargin koyil da distiribito da mukulli. Layin 30 ne, kuma hancinka ya riga ya gaya maka a wane ƙarshen yake. Amma kada ka fara ja da fizgar wayoyi. Irin wannan laifin in ka motsa shi ba tare da ka gane shi ba, sai ya koma ya zauna, ka yi wata da watanni kana murna, ya dawo maka a inda ba ka so. Auna tukuna.

Cire kwalin da ya rufe bayan dashbod. Ta da inji, kunna fitilu. Tsinke ɗaya na mita a kan ƙafar regileta inda jar wayar ta taso, za ka buƙaci ƙarin doguwar waya. Ɗaya tsinken ka fara ɗora shi a kan zaren jar wayar daidai inda ta shiga kilif, sannan a kan kilif ɗin, sannan a kan ƙafar suwic ɗin kanta, sannan a 30 ta akwatin fiyus. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne. In ta ƙi nunawa, sa wani ya riƙa kallon mita kai kuma kana taɓa wayoyin a hankali da sandar roba ko itace, ɗaya bayan ɗaya, ba duka tare ba.

Oga Kafireta:
To, wannan karon wuta ce. Amma tankin nan na 1970 yana nan yana jiran ranarsa, ku rubuta ku ajiye.

Mai Beetle 70:
An kama ɓarawo. Daga regileta zuwa zaren jar wayar, mita ta nuna bolt 0.3. Da na matsa tsinken zuwa ƙafar suwic sai ta nuna 1.4, ina kallo tana hawa a hankali yayin da wurin ke ɗumama. Na taɓa wayar da bayan biro, lamba ta yi tsalle, inji ya yi tuntuɓe. Na kashe komai, na cire negatib, na haska tocila. Robar da ke kan kilif ɗin ta koma ruwan ƙasa ta ƙeƙashe, da na taɓa ta sai ta ruguje. Kilif ɗin ya yi baƙi, kuma da yatsa biyu na zare shi ba tare da wani ƙarfi ba. A ƙarƙashinsa kuma wani da ya riƙe motar kafin ni ya cusa wayar rediyo, ya murɗa zarenta a kan ƙafar suwic ya danna kilif a kai, ya naɗe da salatif. Wato ya buɗe bakin kilif ɗin da hannunsa. Yanzu in matse shi da filaya in mayar, ko yaya?

Tsohon Mai Waya:
A'a ɗana. Tagullar da ta sha wuta har ta yi baƙi ba ta sake riƙewa, ko ka matse ta za ta saki. Yanke shi ka yar. Ka feƙe wayar, in zaren ya fito baƙi ko kore, ci gaba da yankewa baya har ka iske jan ƙarfe mai sheƙi. In wayar ta gajarce, a ƙara mata da mai kauri irin nata, ba siririya ba. Sa sabon kilif mai kyau daidai kaurin wayar. Goge ƙafar suwic ta yi haske, sannan ka girgiza ta da yatsa: in tana motsi a cikin jikin suwic ɗin, ko robar wurin ta narke, suwic ɗin ma ya tafi. Rediyo kuma a kai shi akwatin fiyus da fiyus ɗinsa. In ka gama ka sake aunawa da fitilu a kunne, kada ka yarda da ido.

Yaron Gareji:
Baba, a ɗiga masa dalma ko a matse kawai? Ogana kullum dalma yake sawa.

Tsohon Mai Waya:
Ni ina matsewa sannan in ɗiga kaɗan a can bakin zaren. Haka na saba, kuma aikina ba ya dawowa.

Injiniya:
A nan kam zan saɓa wa Baba, da girmamawa. Dalma tana bin zare ta haura cikin waya, ta mayar da wurin sanda. Mota kuwa kullum cikin karkarwa take, sai wayar ta karye daidai inda dalmar ta ƙare, a cikin roba inda ido ba ya gani. Wato ka gyara laifi mai zuwa yana tafiya, ka shuka wani irinsa. Masu ƙera motoci matsewa suke yi. Sharaɗin dai a yi da abin matsewa na gaske, ba filaya ba, kuma in an gama a ja wayar da ƙarfi a ga ko za ta zare.

Tsohon Mai Waya:
Injiniya, wanda ya cika dalma har ta haura, hannunsa ne bai iya ba. Kuma mutum nawa ne a zauren nan suke da abin matsewa na gaske? Matsin filaya ba dalma shi ne mafi muni a cikin ukun. Wanda yake da kayan aiki ya bi taka, wanda ba shi da su ya bi tawa, ya kuma ɗaure wayar kusa da kilif don kada ta riƙa lilo.

Hajiya Mai 504:
Tunda kwalin a buɗe yake, Mai Beetle, kada ka rufe ba ka duba fiyus ba. Irin masu tsini biyun nan suna yin tsatsa a bakinsu, su ma gwanaye ne wurin kawo fitila mai kyaftawa. Cire kowanne, goge ƙafafun, ɗan lanƙwaso su ciki su riƙe da kyau. Fari amfiya 8 ne, ja 16, kada a sa ja a gurbin fari don wai farin yana yawan ƙonewa. In ka samu masu jikin tangaran ka fi samun kwanciyar hankali, masu jikin roba suna laushi in sun ji zafi su gajarce. In kuma ka tarar da wanda aka naɗe da waya ko takarda mai sheƙi, to mai rediyon nan ya biyo ta nan ma.

Ɗan Zamani:
Aƙalla dai a sa wa manyan fitilu rile, ɗan suwic ɗin nan da wuta ke kunnawa, a sauke wa suwic ɗin kaya. Ko wannan ma haramun ne a wurin masu son kayan asali?

Injiniya:
Wannan shawara ce mai kyau, kuma ana iya cire shi duk ranar da aka so. Amma a lura da inda za a ɗauko wutar rilen. In daga wannan ƙafa 30 ɗin aka ɗauka, kayan yana nan a kan mahaɗar da ta ƙone, ba a rage mata komai ba. Sai an ja masa tasa wayar mai kauri da fiyus ɗinta daga wajen batir.

Mai Beetle 70:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An sa sabon kilif, ƙafar suwic ba ta motsi don haka na bar shi, rediyo ya koma akwatin fiyus. Daga regileta zuwa ƙafar suwic yanzu 0.3 ne da fitilu a kunne, kuma wurin ba ya ɗumi. Na yi tafiyar dare mai nisa da komai a kunne, ƙwan Hajiya bai ko kyafta ba, fitilun ma sun fi da haske. Zan bar ƙwan a jiki tukuna. Saura abu ɗaya da ban ambata ba tun farko don kada in haɗa zance: in inji ya yi zafi sitata tana juyawa da nauyi, ga batir kuwa yana nuna 12.6 in ya kwana.

Tsohon Mai Waya:
Wannan wani laifin ne daban, kuma ina zargin negatib. Leƙa ƙarƙashin mota wajen hancin giyabos, akwai wata faffaɗar waya mai kitso da ta haɗa giyabos da shasi. Ta nan wutar sitata ke komawa batir, fiye da amfiya 100. In ta ruɓe ko notinta ya yi tsatsa, wutar sai ta nemi hanya ta wayar kuloci ko ta totur, har su riƙa zafi suna tsinkewa ba dalili. Yi gwajin da Injiniya ya koya wa Yaron Gareji: cire wayar da ke kan lamba 1 ta koyil don kada inji ya tashi, fitar da giya, tsinke ɗaya a negatib na batir, ɗaya a jikin inji, wani ya buga sitata lokacin da injin yake da zafi. In ta wuce bolt 0.3, kwance wayar, goge wuraren zamanta biyu har ƙarfe ya fito fari, ko ka sa sabuwa, ka haɗa da gajeriyar da ta taso daga batir zuwa jikin mota. In negatib ya fito lafiya, maimaita a ɓangaren fosatib, daga batir zuwa babban notin sitata, ka kawo mana lambobin biyu.